Gasar NNL: Tsanin Da Ƙungiyoyin Arewa Ke Hawa

A shekarar 1990 aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Nijeriya. Mai bi mata ita ce gasar NNL, wadda aka kasa zuwa shiyyar Arewa da ta Kudu, abin da ke rage wa ƙungiyoyi kuɗin tafiya. Kano Pillars da Katsina United sun faɗo cikinta a 2022, suka koma sama a 2023. El-Kanemi Warriors kuwa tana cikinta ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 2024.

Sai dai ƙafar wannan tsani a filayen ƙauyukanmu take. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da su hana yanka filayen wasa ana sayarwa.