Sanarwar Bayan Taro Kan Kare Majiyyata Daga Illar Magani

Masu unguwanni, limamai, shugabannin mata da 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya na al'ummar Hausawan New Bell, Duwala, sun zauna kan yadda ake shan magani a gidajenmu da asibitoci.

Taron ya lura cewa:

1. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Naturcold, maganin tari da mura na yara da aka samu a Kamaru ɗauke da guba. Tun 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci.

2. Har yanzu jama'armu na sayen ƙwayoyi a tebur da wajen 'yan talla, a kewayen Marché Central, inda rana da damshi ke lalata su.

3. Maganin ƙwarai ma yana illa idan an sha shi ba bisa ƙa'ida ba. Likita kan rubuta takarda da Faransanci, dattijo ko uwar yara su karɓa su tafi, kunya ta hana su tambaya.

Don haka taron ya yanke shawara:

1. Kada mai jinya ya bar gaban likita sai ya san sunan maganin, amfaninsa, sau nawa za a sha, da kwana nawa.

2. Matasa masu jin Faransanci su riƙa raka dattawa don yin tafinta.

3. Wanda aka tura daga Asibitin Gundumar New Bell zuwa Asibitin Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala ya tafi da katinsa na asibiti da kwalayen duk abin da yake sha, har jiƙo da na gargajiya, don kada a haɗa masa magungunan da ba sa jituwa.

4. A sayi magani a farmasi mai lasisi, a duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A daina ba maƙwabci ragowar magani, a daina yanke na zazzabin cizon sauro don an ji sauƙi.

5. Masu ciwon suga da hawan jini su ga likita kafin azumi don a daidaita musu lokutan sha.

6. Limamai su isar da wannan saƙo a huɗuba, mata kuma a wajen suna da biki.

Taron ya roƙi Ma'aikatar Lafiya ta tsananta binciken magungunan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Duwala. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sa hannu: Shugaban Taro da Sakatare