Abala: sirrin maras lafiya amana ce a hannun mai farar riga

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan akwai ma'aikacin da wannan magana ta hau kansa a ƙasar Kurfai, to ma'aikacin jinya ne, wato anfirmiye, wanda mutanen karkara ke kira lokotoro ko da bai taɓa zama a makarantar manyan likitoci ba. Shi ake buɗe wa jikin da ake rufe wa uwa da uba, shi ake gaya wa abin da ake ɓoye wa miji ko mata. Ran da wannan magana ta fita daga ɗakin awo ta shiga kasuwa, likita ta yi hasarar da ta fi ta ƙarewar magani.

Garin Abala yana cikin kwarin Dallol Boso, arewa da Filinge, a kan hanyar iyakar Mali. A shekara ta 2011 aka cire shi daga ƙarƙashin Filinge ya zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi biyu, Abala da Sanam, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 140 a cikinta. A cikin wannan shekara ta 2012 yaƙin arewacin Mali ya koro dubban ƴan gudun hijira, aka kafa musu sansani a gefen garin. A watan Maris na 2017 gwamnati ta sa gundumar cikin dokar ta-ɓaci, a farkon 2020 kuma aka hana hawan babur a yankuna da dama na jihar Tillaberi. Ga talaka, ma'anar wannan ita ce hanyar likita ta ƙara nisa. Wanda ya yi yini guda bisa amalanken jaki kafin ya iso ba ya zuwa don wasa, kuma idan aka kunyata shi sau ɗaya, da wuya ya sake ɗaura wa jakin kaya.

Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina da yawansu cikin shiri na musamman na shugaba Tanja Mamadu daga 2001. Bisa gare su akwai likitar CSI, sannan likitar gunduma irin ta Filinge, inda aka daɗe ana kai waɗanda ciwonsu ya gagara daga arewa, sannan manyan asibitocin Yamai. A yawancin CSI na karkara anfirmiye ne shugaba. Shi ke duba maras lafiya, ya rubuta magani, ya yi allura, ya ɗinke rauni, ya fita rigakafin yara cikin ƙauyuka da rugage, ya cika takardun ƙarshen wata, wani lokaci har ya karɓi haihuwa in babu ungozoma. A idon mutumin Sanam, wannan mutum ɗaya shi ne ma'aikatar kiwon lafiya baki ɗaya.

Aikin yana da tarihi mai tsawo. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, cikinsu har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. A ƙasar Ingila, Florence Nightingale, wadda ta yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya daga 1854, ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin Saint Thomas na London a 1860, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, an kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a 1905, aka buɗe makarantar likitanci ta Dakar a 1918, daga baya makarantar Jamot ta Bobo-Julaso ta horar da anfirmiyoyin da suka bi ƙauyuka suna farautar ciwon barci da kuturta da sanƙarau. Amma aikin wancan zamani na tara jama'a ne a fili: a jera mutane gaban mai gari, a shafa wuyan kowa, a ware mai ciwo kowa na kallo. An ceci rayuka masu yawa, sai dai ba a tambayi kowa ko ya ji kunya ba. Yau Nijar na horar da nata ma'aikata a makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, kuma ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, anfirmiyen nan da ya yi suna cikin finafinan Jean Rouch, wanda ya rasu a 2009.

Rufe sirri yana cikin ginshiƙan aikin tun asali. Rantsuwar da aka tsara wa ma'aikatan jinya a birnin Detroit na Amurka a 1893 ta ɗora musu alkawarin riƙe duk abin da suka sani na maras lafiya da na iyalinsa. Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ya tanadi horo ga ma'aikacin lafiya da ya tona sirrin da aka ba shi amana, dokar 2007 kan ciwon sida kuma ta ƙara jaddada haka. A takarda dai, babu abin da ya rage.

Sai dai a ƙaramin gari sirri ba safai yake fita da mugun nufi ba. Yana fita ta tagar da bencin masu jira ke jingine da ita. Yana fita ta ƙofar da aka bari a buɗe saboda zafi, mutum uku na tsaye a bakinta. Yana fita ta babban littafin rajista da aka bari a shimfiɗe bisa tebur, suna da ƙauye da ciwo duk a layi ɗaya. A Abala akwai wata ƙofa kuma, ta harshe. Ana jin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci a kasuwa ɗaya, ma'aikacin da aka turo daga Maraɗi ko Doso kuwa ba lalle ya ji su duka ba. Sai a kira mai gadi, ko wani daga cikin masu jira, ko ɗan matar da kansa, ya yi tafinta. Uwa ba ta faɗin ciwon mara a gaban ɗanta. Sai ta ce kanta ke ciwo, a ba ta maganin ciwon kai, ta koma gida da abin da ya kawo ta. Wayar salula ta zo ta ƙara nata: hoton rauni ko na takardar awon jini da aka aika wa abokin aiki don neman shawara yana iya ƙarewa a hannun da ba a nufa ba. Magana zarar bunu ce.

Abin da ake hasara a nan rai ne. Yarinya mai cikin fari, wadda al'ada ta koya wa ɓoye cikinta har ya fito da kansa, ba za ta zo awo da wuri ba in ta san labarin zai riga ta isa gida, ko da yake tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mai tarin fuka yana bukatar wata 6 yana shan magani ba fashi. Idan ya ji an fara janye masa ƙwarya a majalisa, sai ya bar zuwa, ciwon ya dawo da ƙarfi ya kama ƴan gidansa. Mace mai yoyon fitsari takan yi shekaru a ɗaki, alhali aikin tiyata na iya warkar da ita. Duk waɗannan, inda suke komawa an san shi: wurin masu tallar ƙwayoyi ranar kasuwa, waɗanda ba su da ilimi amma ba su tambayar suna.

Adalci ne a faɗi nauyin da ke kan mai farar riga. Wanda ya kwana yana gadi, ya wayi gari da layin masu zazzaɓin damina, maganin kyauta ya ƙare saboda gwamnati ta yi jinkirin biyan CSI kuɗinta, ga fargabar hanya, ba shi da sauran ƙarfin jan labule sau hamsin a yini. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003, kan likitocin Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, ya nuna cewa rashin sutura ga maras lafiya ya zama ruwan dare har a manyan birane, inda ma'aikata suka fi yawa. Ashe ke nan gyaran yana bukatar horo da sa ido, ban da ƙarin ma'aikata.

Mafi yawan gyaran kuwa ba ya jiran taimakon ƙasashen waje. Kwamitin kula da kuɗin likita, wanda jama'ar gari ke zaɓa tun bayan dokar biyan kuɗin magani ta 1995, yana iya sayen labule da kwaɗon akwatin rajista, ya matsar da benci nesa da taga. Likitan gunduma yana iya naɗa tafinta sananne, mace ga mata, a gaya mata sarai cewa amanar ta hau kanta. Ɗan rakiya, ko miji ne ko uwar miji, a roƙe shi cikin ladabi ya jira a waje, a tambayi maras lafiya ita kaɗai wanda take so ya ji. Makarantun jinya su auna ɗalibi a kan wannan yadda suke auna shi a kan allura. Hakimai da limamai kuma su tunatar da jama'a cewa tare anfirmiye a hanya ana tambayar abin da ke damun wance, neman sa shi cin amana ne.

Ranar 12 ga Mayu akan yi jawabai a Yamai. A Abala da Sanam, abin dubawa a wannan rana shi ne ko ƙofar ɗakin awo tana rufuwa.