Jaririn da aka haifa babu azzakari: a kai shi asibiti tun ranar farko

Akwai larurar haihuwa da ba kasafai ake ganinta ba, inda ake haifar namiji babu azzakari ko kaɗan. Likitoci na ƙiyasin tana faruwa sau ɗaya a cikin haihuwa miliyan 10 zuwa 30. Tushenta tun makonnin farko na ciki ne, lokacin da tsiron da zai zama gaban bai fito ba. Babu laifin uwa a ciki, kuma ba aikin iska ba ne.

Abin da ya fi gaggawa shi ne fitsari. Yawancin irin waɗannan jarirai marainansu lafiya lau, amma hanyar fitsari kan ɓulle kusa da dubura ko cikinta, sai a ga zanen goyo ya jiƙe ta baya. Da yawansu kuma suna da matsalar ƙoda ko mafitsara, wadda kan iya halaka jariri idan aka yi jinkiri. Iyalin da kunya ta sa suka ɓoye yaro a ɗaki har bayan suna, da ransa suke wasa.

A da likitoci kan cire maraina a rene shi a matsayin mace, amma da dama sun girma suna jin kansu maza. Yanzu an fi karkata ga rainonsa a namiji, a gina masa gaba ta tiyata daga baya. Muna ganin wannan ya fi adalci.

Ungozoma da dangi, ku rufa asirin yaron, ku garzaya da shi asibitin koyarwa mai likitocin tiyatar yara.