Wa Ke Da Mallakar Kamun Fara?



Mu da muka tashi a Tsiga mun san yadda muke bin fara a gonaki da sanyin safiya bayan girbi, mu cika gwangwani, mu yi ta gardamar ta wa ta fi girma. Haka wani ɗan Japan, Satoshi Tajiri, ya taso yana kamun ƙwari. Da ya girma sai ya mayar da abin wasan Pokémon, wanda ya fito a 1996: ka jefa ƙwallo, ka kama halitta, ka horar da ita ta yi maka faɗa.

A Janairun 2024 wani ƙaramin kamfani, Pocketpair, ya fitar da Palworld, shi ma da ƙwallo ake kamun halittu a cikinsa. Cikin kwana shida ya sayar da sama da miliyan 8. Jama'a suka yi ta cewa halittunsa sun yi kama da na Pokémon. Amma da Nintendo da kamfanin Pokémon suka kai ƙara kotun Tokyo a Satumban 2024, ba su tayar da maganar zane ba. Ƙararsu a kan dabarun wasa uku ce da suka yi wa rajista, ciki har da jefa ƙwallo da hawa kan halitta, kuma kowannensu ya nemi diyyar yen miliyan 5. A Nuwamba Pocketpair ya cire kiran halitta ta hanyar jefa ƙwallo.

A ganinmu, zane na wanda ya zana ne, kwafarsa sata ce. Dabarar wasa kuwa gadon kowa ce. Tun 1992 Dragon Quest V ke barin mai wasa ya jawo dodanni cikin rundunarsa. Da masu shi sun killace dabarar, anya da an ga Pokémon?

Mu dawo gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare labarin da muka rubuta da hoton da muka zana, amma ba ta kare tunanin da ke bayansu. Don haka kowa na iya rubuta labarin gizo da ƙoƙi nasa. Wanda ya kwashe na ɗan ajinsu daga WhatsApp ya sa sunansa kuwa, ya ci haƙƙi. Mu riƙa sa suna da kwanan wata a kan ayyukanmu, mu adana littafin da muka fara rubutawa a ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.