Gidan Gannibal na Rasha: Da Me Za Mu Yi Alfahari?

Akwai wani gida a cikin gidajen sarauta na ƙasar Rasha wanda tushensa baƙin mutum ne ɗan Afirka. Sunansa Ibrahim, wanda Rashawa ke kira Abram Gannibal. Mutanenmu da yawa idan suka ji labarinsa sai su hau murna, wai namu ya yi sarauta a ƙasar Turawa. Ni dai ina ganin a tsaya a duba tukuna.

An sace Ibrahim yana yaro, aka kai shi Istambul, daga can aka kai shi Rasha a 1704, aka miƙa wa Sarki Bitrus Babba. Da farko an ɗauka daga Habasha ya fito, amma a 1996 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjojin cewa garinsu Logone-Birni ne, a arewacin Kamaru ta yau, kudu da Tafkin Chadi. Ashe ma kusan maƙwabcinmu ne.

Sarki ya ga yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya tura shi Faransa ya karanta lissafi da aikin injiniya na soja, wato ginin ganuwa da harkar igwa. Ya komo a 1723. Bayan rasuwar Sarki, manyan fada suka kore shi zuwa Siberiya a 1727, ƙasar sanyi mai kisa. Duk da haka ya dawo, ya yi ta hawa har ya zama babban janar. Ɗansa Ivan ya yi yaƙi da Turkawa a 1770, kuma shi ya jagoranci ginin birnin Kherson a 1778. Tattaɓa-kunnensa kuwa shi ne Pushkin, wanda aka haifa a 1799, mawaƙin da Rashawa ke ɗauka uban adabinsu. Wannan duk abin yabo ne, kuma ilimi ne ya jawo shi. Ai da Ibrahim bai iya lissafi ba, da ya ƙare a matsayin abin kallo a fada.

To, amma ga inda nake da ja. A 1742 Sarauniya Elizabet ta ba shi gandun Mikailofskoye kyauta, haɗe da ɗaruruwan manoman da ke zaune a ciki. A Rasha ta wancan zamani manomi dukiyar mai gandu ne: ba ya tashi sai da izini, ana iya sayar da shi, ana gādonsa kamar yadda ake gādon shanu. Wato yaron da aka saya a kasuwa ya girma ya mallaki mutane. Wani zai ce ai haka zamanin yake, ba shi ya kawo tsarin ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya ɗanɗana igiya a wuyansa ya fi kowa sanin zafinta, kuma sarautar da muke tafa wa hannu a kan gadon bayan waɗannan manoma aka gina ta.

Cikin bayin gidan akwai wata mace, Arina Rodionovna, ita ta yi renon Pushkin. Lokacin da gwamnati ta tsare shi a Mikailofskoye daga 1824 zuwa 1826, ita ce ke ɗebe masa kewa da dare da tatsuniyoyin ƙauye, ya kuwa mai da wasunsu waƙa. Duk mai son ya yi alfahari da gidan Gannibal, ina roƙonsa ya ambaci sunanta tare da na janar. Ba ta iya karatu ba. Ta rasu a 1828, shekara 33 kafin a 'yanta manoman Rasha a 1861, kuma wurin da kabarinta yake ya ɓace.