Bindigar Harbin Tsuntsaye da Masu Sa Mata Kakin Soja

Ran Asabar ɗin da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo gidana a Samaru da bindigar iska naɗe cikin buhu. Ya kwance ta yana murmushi, ya ce, "Kawu, dubi aikin da aka yi mini a Sabon Gari." An fesa wa katakonta baƙin fenti, an naɗe shi da ƙyalle mai dabbare-dabbare irin kakin soja, an ɗora ƙaton madubin hange a kai, an liƙa wani bututu a bakinta wai salansa. A ciki kuma an zare sifirin ɗinta na asali an cusa wanda ya fi shi kauri. Washegari muka fita bayan gari ta wajen Bomo. Na jingina kwali a jikin suri, na ƙirga taku ashirin da biyar, na ce ya harba sau biyar. Biyu ne suka taɓa kwalin, su ma a gefe.

Na san irin wannan bindiga tun ina yaro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Yana da Diana ƙirar Jamus, mai karyewa a tsakiya, da takardarta a cikin akwati. Da ita yake korar tsuntsaye daga gonar dawarmu, wani lokaci ya dawo da kurciya ko hasbiya a yi miya. Ban taɓa ganin ya ƙara mata komai ba. Yakan goge bututun, ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya ɗiga ɗan mai a fatar ciki don kada hunturu ya busar da ita. Kuma da wuya ya harba sau biyu a kan tsuntsu ɗaya.

Wannan bindiga ba ta da albarushi. In ka karya ta, ka danne sifirin ne. In ka ja kunama, sifirin ya saki, ya tura iska, iskar ta fitar da ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Masu ƙera ta sun auna komai da komai: nauyin sifirin, girman ɗakin iska, nauyin ƙwayar. Da zarar ka cusa sifirin da ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa zabura tun kafin ƙwayar ta bar bututu. Zaburar tata kuwa gaba da baya ce, shi ya sa take kwance madubin hangen da ba don ita aka yi shi ba. Wasu samarin har baƙin mai suke tsiyayawa a ɗakin iska don su ji ƙara su ga hayaƙi. Man kamawa yake da wuta saboda matsi, kamar a injin dizal, ya ƙone robar ciki, wata rana ya karya sifirin.

Wanda ke biyan kuɗin wannan ganganci shi ne tsuntsu. Kurciyar da aka samu a kai nan take ta faɗo. Wadda aka samu a fiffike ko a ciki tashi take da ƙwayar a jikinta, ta je ta mutu cikin ciyawa bayan kwana biyu. Na taɓa tsintar irinta a bakin kogin Kubanni, tururuwa sun fara cinta da ranta, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba. A zauren da muka karanta Risala an koya mana cewa farauta tana da ladubba: ka ambaci sunan Allah, abin da ka tarar da rai ka yanka shi, kada ka mai da mai rai abin gwada hannu.

Fentin da ƙyallen ne suka fi tayar mini da hankali. A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Jihar Kano da ke hanyar gida don yin Sallah, bayan da aka ga bindigogin gargajiya a motarsu. Laifin kisan yana wuyan waɗanda suka yi shi. Amma duk wanda ke da ɗa ya ga irin zamanin da muke ciki. Yaro ya rataya baƙin abu mai madubi da salansa, ya hau babur daga Kwangila zuwa Shika da magariba. Ɗan sintirin da ya hango shi daga nesa, wa zai gaya masa ta harbin kurciya ce?

Da yawa ma ba su san doka ta ambaci irin wannan bindiga ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin waɗanda sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙewa, rukuni ɗaya da bindigar farauta mai harsashi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Buɗe ta a gyara ma sai wanda aka ba izini, ba kowane mai walda ba. A Ingila, wadda ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 sai da takarda ta musamman, a Jamus kuwa iyakar 7.5 ce. Sun san abin da ƙwayar dalma ke yi wa ido.

Na ji hujjar samari, kuma ban raina ta ba. Nama ya yi tsada, tsuntsaye na cin gero da dawa, farauta kuma gadonmu ce, tunda har sarautar Sarkin Baka gare mu. Sai dai Samarun da mahaifina ya yi harbi a cikinta ta cika da gidaje. Inda muke bin fakara a da, ta Hayin Dogo da Danraka, yau ɗakunan ɗalibai ne da makarantun allo. Ƙwayar da ta kuskure hasbiya a kan kwano tana da inda za ta sauka. Manyan maharbanmu ya kamata su jawo yaran nan jiki su nuna musu inda ake harbi da inda ba a yi, 'yan sanda kuma su bayyana wa jama'a, da Hausa, yadda maganar lasin take.

Akwai kuma ɗabi'ar guntsar ƙwayoyin a baki don saurin ɗurawa. Dalma ce fa, ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Da na ga ɗan ƙanwata ya watsa biyar a kunci, sai da na sa ya tofar ya kurkure baki.

Da muka dawo gida, muka zauna a kan tabarma muka warware ƙyallen, muka cire bututun da madubin. Na ɗauko tsohuwar Diana ta mahaifina na nuna masa yadda ƙotarta ta yi sulɓi a daidai inda kuncin mahaifina ya riƙa kwanciya shekara da shekaru. Ya daɗe yana shafa wurin. Tasa kuma na sa ta a kabad na kulle, na ce masa za ta zauna a wurina har ranar da zai zo mini da takarda da sifirin ɗinta na asali. Ya ce mai gyaran ya riga ya jefar da shi.