FILIN SANA'A: Wane Injin Yankan Ƙarfe Ya Dace Da Mai Aiki A Gida?

Duk wanda ya bi hanyar Jos ko ta Gombe a cikin garin Bauchi, ko ya zaga wajen kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, zai ga ƙyamaren ƙarfe da tagogi da tankunan ruwa an jingina su a bakin titi ana jiran mai saye. Sana'ar fallen ƙarfe ta kafu a garin, har ta kai samari da yawa da suka gama koyo a hannun iyayen gidansu sun fara buɗe wurin aiki a zaure ko a ƙofar gida. Tambayar da ke fara tare irin wannan saurayi ita ce ta injin yanka, gama kowane aiki da yanka yake farawa. Kuɗin da zai sa a ciki kuwa sau da yawa kwasar adashi ne, ko rance daga ɗan'uwa, ko kuɗin wata dabba da aka sayar. Idan ya yi kuskuren zaɓe, jarin ya kwanta ke nan, kuma ba lalle ne a sake samun wani ba.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Bauchi, tun kafin Malam Yakubu ya kafa birnin a 1809. Maƙeran dā da kurfi da masaba suke sara ƙarfe a bisa uwar maƙera, abin da suke ƙerawa kuma bai wuce fartanya da gatari da mashi da linzami ba. Shigowar kwanon rufi da gwangwani ta kawo wani sabon reshe na sana'ar, watau masu bokiti da mazurari da akwati da indararo. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, garin ya zama hedkwatar jiha a 1976, aka shiga gine-gine gadan-gadan, sannan a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ya buɗe wurin haɗa manyan motoci da taraktoci. Wannan masana'anta ba ta ɗore yadda aka so ba, amma tun daga wancan zamani aikin walda da inji ya zama abin da mutumin Bauchi ya saba gani. Har ila yau, kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka soma ginawa a 1979, bai kai ga fitar da fallen ƙarfe ba, na Jos kuwa rodi aka kafa shi ya yi. Saboda haka fallen da ke zuwa Bauchi daga nesa yake zuwa, farashinsa kuma yana bin darajar Naira. Falle ɗaya da ya lalace wajen yanka yana iya cinye ribar aikin duka.

KAURI DA SIFFAR YANKA

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne irin fallen da yake yawan aiki da shi. Fallen da aka saba sayarwa ƙafa 8 ne a tsawo, ƙafa 4 a faɗi. Kaurinsa ana auna shi da milimita, ko kuma da lambar da ake kira geji, wadda lissafinta a juye yake: yawan lamba, ƙarancin kauri. Geji 16 wajen milimita 1.5 ne, geji 18 wajen milimita 1.2, geji 20 kuwa bai cika milimita 1 ba. Kwanon rufi ya fi waɗannan duka sirantaka. Yawancin aikin ƙyaure da taga da akwati da murhu bai wuce tsakanin nan ba. Mai irin wannan aiki ba shi da bukatar injin da aka yi domin saran ƙarfe mai kaurin yatsa.

Abu na biyu shi ne siffar yankan. Ya kamata mutum ya zauna ya tuna ayyukan da ya yi a watanni shida da suka wuce, ya ƙirga nawa ne miƙaƙƙen yanka, nawa ne da'ira ko zanen ado. Galibi zai tarar miƙaƙƙen ya rinjaya da nisa. Wannan ƙidaya ta fi shawarar kowane dillali amfani, domin dillali abin da ke shagonsa zai yaba.

INJUNAN DA BA SU SHAN WUTA

Almakashin hannu shi ne na farko, kuma ba wurin aikin da zai rasa shi, amma ƙarfinsa ya tsaya a kan kwano da siririn falle. Sama da shi akwai almakashin benci mai dogon hannu, wanda ake ɗaure wa a jikin tebur ko kututture. Yana cin falle mai kaurin milimita 3, wani ma ya fi haka, sai dai kaɗan-kaɗan yake ci, yana kuma murɗe gefen da aka yanke, sai an bi shi da guduma.

Babban cikinsu shi ne injin tako, mai doguwar wuƙa wadda ke saukowa idan an taka mataki da ƙafa. Mai faɗin ƙafa 4 yana raba falle har zuwa geji 16 da tako ɗaya, baki sumul, ba tartsatsi, ba ƙura, ba kuma abin da ya zube. Alal misali, a ce ana so a fitar da gutsure takwas masu ƙafa 2 ko ta ina daga falle ɗaya. Tako uku zai raba fallen gida huɗu, tako huɗu kuma ya raba kowanne biyu, watau tako bakwai an gama. Wanda zai yi wannan da dutsen yanka sai ya bi layi mai tsawon ƙafa 20 yana sunkuye, kuma gutsattsarin ba za su cika awo ba, gama dutsen yana cinye abin da ya bi ta kai.

Amma fa injin tako yana da iyaka. Ba ya yin da'ira, kuma mai ƙafa 4 ba ya tsaga falle a tsaye. Ƙyaure mai tsawon ƙafa 7 da faɗin ƙafa 3 yana bukatar doguwar tsaga, wadda sai dai a yi ta da almakashin benci, ko da ƙaramin almakashi mai aiki da lantarki, ko a kai wa mai babban inji. Bugu da ƙari yana da nauyi ƙwarai, sai an zuba masa daɓen siminti, a kuma bar fili gaba da baya inda falle zai shiga ya fita. Zauren da bai kai wannan girma ba, bai dace da shi ba.

INJUNAN LANTARKI

Injin gurza na hannu, wanda masu walda ke kira giranda, shi ne ya fi yawa a garin saboda arha. Ƙaraminsa yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Ba a raba mai walda da shi, domin da shi ake yanka bututu da rodi, da shi kuma ake goge walda. Amma a kan siririn falle yana ƙona baki, yana barin kaifi, layinsa kuma ya dogara ga natsuwar hannu. Kuɗin dutse kullum fita yake yi, kamar tulu mai yoyo. Haɗarinsa kuma ba ƙarami ba ne: dutsen da ya fashe a wannan gudu yana iya raba mutum da idonsa, musamman ga masu cire murfin kariya domin su ɗaura dutsen da ya fi ƙarfin injin.

Wutar gas da iskar oksijin ta dace da ƙarfe mai kauri. A kan siririn falle kuwa zafinta kan sa ya kantare, kuma ba ta yanka alminiyam ko ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa.

Injin da ya fi ɗaukar hankalin samari shi ne na filasma, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950. Yadda yake aiki shi ne, ana hura iska da ƙarfi ta wani ɗan tsukukun baki, wutar lantarki ta ratsa ta, sai ta zama harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 20,000, ta narka ƙarfe ta ture shi. Yana bin kowane irin zane, yana kuma yanka duk ƙarfen da wuta ke bi. Ƙaraminsa mai lamba 40 yana cin wajen milimita 10. Sai dai wanda ya saye shi bai gama sayayya ba. Dole ne a haɗa shi da injin matsa iska, a sa matatar da za ta tsane ruwan da ke cikin iskar, musamman da damina, a kuma tanadi bakunan da ke ƙonewa a kai a kai. Wutar da yake ja kan kai kilowat 5 ko fiye, alhali soket ɗin gida na amfiya 13 bai wuce kilowat 3 ba. Kafin a kunna shi sai an ja masa waya ta musamman daga mita.

Akwai kuma teburin da kwamfuta ke sarrafa wa, ko na filasma ko na hasken leza, wanda da shi ake fitar da zanen furanni da ake gani a manyan ƙofofin zamani. Na leza yana son wuta mai layi uku, da na'urar sanyaya ruwa, da ɗaki mai tsabta, gama ƙurar hunturu abokiyar gabar gilashinsa ce. Wannan kayan masana'anta ne. Mai aiki a gida wanda aka kawo wa irin wannan kwangila, abin da ya fi masa shi ne ya kai zanen inda ake da injin, ya biya ladan yanka, ya sa a cikin kuɗin aiki.

WUTA DA GYARA DA MAƘWABTA

Wutar Bauchi daga kamfanin rarraba lantarki na Jos take zuwa, kuma kowace unguwa ta san sa'o'in da take samu da irin ƙarfin da wutar ke zuwa da shi. Injin filasma ba ya jure wa wuta mai rauni. Janaretan da zai ɗauke shi tare da injin iska kuwa babba ne, ba irin na kunna fitila da fanka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, lissafin mai da wuta ya zama sai an yi shi kafin a yi cinikin inji. Mai injin tako kuwa, ko an yi kwana uku ba wuta, yana iya yanka aikinsa ya jera, ya jira wuta domin walda kaɗai.

Sai maganar gyara. Kafin a biya, a tambaya ko akwai kayan gyaran injin a Bauchi, ko sai an aika Kano ko Kaduna ko Ikko. Injin da na'urar cikinsa ta ƙone, aka rasa mai gyara, ya zama kujera. Injin tako kuwa ƙarfe ne da kusoshi, wuƙarsa ana wasa ta, a mayar. Wanda zai sayi na hannu, ya tafi da gutsuren irin fallen da yake aiki da shi, ya gwada yanka a hagu da tsakiya da dama. Idan fallen ya lanƙwashe ya shige tsakanin wuƙaƙe, ko bakin ya fito da kaushi, to, ratar wuƙaƙen ta yi yawa ko kuwa sun dakushe. Ya duba gangar jikin ko akwai tsaga ko tabon walda, ya shafa wuƙar ko ta ɓantare, alamar an taɓa sara rodi da ita. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Daga ƙarshe, wurin aiki a gida yana da hakkin iyali da na maƙwabta. Tartsatsi kan yi nisa, ga zana da itacen girki da galan ɗin fetur, ga iskar hunturu. Hayaƙin farin kwano, idan wuta ta ci shi, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, saboda haka a fili ake irin wannan yanka. Injin tako ma sai an ɗaure matakinsa da kwaɗo bayan an tashi, domin yara ba su san wuƙa ba ta wasa ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hanya a fili take. Mai ƙaramin jari ya fara da almakashin benci da giranda mai murfinta. Idan aiki ya ƙaru, injin tako ne na gaba, gama shi ne ke ɗauke yawancin yanka ba tare da ya nemi ko kwabo na mai ba. Filasma sai ranar da masu neman aikin ado suka yawaita har kuɗin da ake kai wa wasu ya isa ya biya shi, kuma wayar gidan ta iya ɗaukarsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai duba injin lanƙwasa falle, wanda shi ne abokin tafiyar injin yanka. Allah ya sa albarka a nema.